Tarihin Beethoven, kurman makaɗin da mawaƙan gambarar zamani ke aron kiɗansa

Da wuya a samu mai riƙe da wayar hannu da bai taɓa jin wani ɗan gajeren kiɗan fiyano mai taushi ba, wanda ake sa wa a matsayin ƙarar kira, ko a cikin kayan wasan yara, ko lokacin da wani kamfani ya ajiye mutum a kan layi yana jira. Sunan kiɗan Für Elise, kuma an rubuta shi tun a 1810. A shekarar 2003 mawaƙin gambarar zamani ɗan Amurka, Nasir Jones da aka fi sani da Nas, ya fitar da waƙarsa I Can, wadda aka ɗora a kan wannan kiɗa tare da ganguna masu nauyi. A cikinta ya yi wa yara baƙar fata nasiha kan neman ilimi da guje wa ƙwaya, ya kuma tuna musu da tarihin Kush da Masar da Timbuktu. Waƙar ta kai matsayi na 12 a jadawalin Billboard na Amurka.

Mutumin da ya tsara ainihin kiɗan, Ludwig van Beethoven, ya riga ya shekara 176 a kabari a lokacin. Ya rayu a zamanin da babu rediyo, babu faifai, kuma ya kwashe kusan rabin rayuwarsa yana fama da kurumta. Yadda aka yi kiɗansa ya fito daga zaurukan sarakunan Turai ya isa unguwannin talakawan New York yana da alaƙa da irin rayuwar da ya yi.

Haihuwa da tasowa

An haifi Beethoven a watan Disamba na 1770 a birnin Bonn na ƙasar Jamus, garin da masu sauraron Sashen Hausa na DW suka saba jin sunansa. Rajistar coci ta nuna an yi masa baftisma ranar 17 ga watan. Gidansu gidan makaɗan fada ne. Kakansa, wanda ya ci sunansa, ya taso ne daga garin Mechelen na ƙasar Beljiyam ta yau, ya kai matsayin shugaban makaɗan fadar basaraken da ke mulkin yankin Kolon. Mahaifinsa Johann mawaƙi ne a wannan fada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka tun yaron bai gama wayo ba aka zaunar da shi gaban fiyano.

Sai dai mahaifin mashayi ne, kuma mai zafin hannu. Maƙwabta sun ruwaito yadda yaron kan tsaya a kan ƴar kujera yana kiɗa yana kuka, da yadda akan tashe shi cikin dare a sa shi atisaye. Burin Johann shi ne ɗansa ya zama abin al'ajabi mai kawo kuɗi kamar yadda Mozart ya zama yana ƙarami. Da ya fito da shi gaban jama'a a Kolon cikin watan Maris na 1778, sai ya rage masa shekara, ya tallata shi a matsayin ɗan shekara shida alhali yana da bakwai.

Wanda ya gyara masa hanya shi ne malaminsa Christian Gottlob Neefe, wanda ya koya masa ayyukan Bach, ya kuma taimaka aka buga kiɗansa na farko yana ɗan shekara 12. A 1784 ya samu aikin albashi a fada a matsayin mataimakin mai kaɗa molon coci. A 1787 aka tura shi Viyana, babban birnin Ostiriya, amma bai daɗe ba labari ya iske shi cewa mahaifiyarsa Maria Magdalena na kwance. Ya dawo, tarin fuka ya yi ajalinta a watan Yuli. Daga nan mahaifin ya ƙara dulmiya cikin shaye-shaye, har ta kai a 1789 Beethoven, yana ɗan shekara 18, ya kai kuka fada aka amince a riƙa ba shi rabin albashin uban domin ya ciyar da ƙannensa biyu, Kaspar da Johann.

Viyana da gasar gwaninta

A watan Nuwamba na 1792 ya sake komawa Viyana domin ya yi karatu a hannun Joseph Haydn, babban mai tsara kiɗa na wancan zamani. Wata guda bayan tafiyarsa mahaifinsa ya rasu. Shekara biyu bayan haka sojojin Faransa suka mamaye Bonn, fadar da ke biyansa albashi ta watse. Bai sake taka garin haihuwarsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fara yi masa suna a Viyana shi ne ƙirƙirar kiɗa nan take, ba tare da takarda a gabansa ba. Masu hannu da shuni na birnin suna da al'adar haɗa gwanaye biyu a zaure guda, a ba kowa ɗan take ya sarrafa shi yadda ya iya, jama'a su yanke hukunci. A 1800 aka haɗa shi da wani gwani mai suna Daniel Steibelt a gidan wani attajiri. Kamar yadda ɗalibinsa Ferdinand Ries ya ruwaito, Beethoven ya ɗauki takardar kiɗan abokin karawar tasa, ya ɗora ta a kife, ya tsinci ƴan sautuka daga ciki da yatsa guda, sannan ya gina musu kiɗan da ya sa Steibelt ficewa daga zauren tun kafin a gama. Duk wanda ya san yadda mawaƙan gambarar zamani ke karawa da juna a dandali, kowa na ɗauko kalaman abokin hamayyarsa yana juya su a kansa, zai ga kamannin abin.

A ranar 2 ga Afrilu, 1800 ya gabatar da simfoninsa ta farko. Simfoni doguwar tsararriyar kiɗa ce mai sassa, yawanci huɗu, wadda gungun makaɗa masu goge da sarewa da ƙaho da ganguna ke kaɗawa tare. A tsawon rayuwarsa ya kammala guda tara.

Kurumta

Yana tsakiyar wannan tashe, bai kai shekara 30 ba, kunnuwansa suka fara ƙara dare da rana, jinsa ya soma raguwa. Ga makaɗi, wannan daidai yake da makanta ga mai ɗinki. Ya ɓoye lamarin na ƴan shekaru saboda tsoron abin da abokan hamayya za su ce, ya janye jiki daga taruka har mutane suka ɗauka girman kai ne. A 1801 ne ya bayyana wa wasu aminansa a cikin wasiƙa.

A 1802 likita ya shawarce shi da ya koma ƙauyen Heiligenstadt ko kunnuwan za su huta. Da wata shida suka wuce babu sauƙi, sai ya zauna a watan Oktoba ya rubuta wa ƙannensa wata doguwar takarda mai kama da wasiyya. A ciki ya bayyana irin wulaƙancin da yake ji idan na kusa da shi ya ji sarewar makiyayi daga nesa shi kuwa bai ji komai ba, ya kuma faɗi cewa ya kusa kashe kansa, abin da ya hana shi kawai shi ne ayyukan da yake jin bai fitar ba tukuna. Bai aika takardar ba. Sai bayan rasuwarsa aka tsince ta a cikin kayansa.

Shekaru goma da suka biyo baya su ne mafi albarka a aikinsa. Simfoni ta uku, wadda aka sani da Eroica, ya tsara ta ne da niyyar girmama Napoleon, saboda yana ganinsa a matsayin wanda zai kawar da mulkin gado ya daidaita talaka da basarake. Da labari ya zo a 1804 cewa Napoleon ya naɗa kansa sarkin sarakuna, sai ya kankare sunan daga bangon takardar da ƙarfin da har ya huda ta. A daren 22 ga Disamba, 1808 ya gabatar da simfoni ta biyar da ta shida a taro guda da ya ɗauki awa huɗu, a cikin zaure mai tsananin sanyi, da makaɗan da ba su samu isasshen atisaye ba. Simfoni ta biyar ita ce mai buɗewa da sautuka huɗu, uku gajeru ɗaya dogo, waɗanda ya yi ta juyawa har suka zama ginshiƙin sashen farko baki ɗaya.

Abokinsa baƙar fata

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da aka daɗe ba a cika ambata ba. A 1803 wani gwanin goge mai suna George Bridgetower ya zo Viyana daga Landan. An haife shi a Poland, mahaifinsa baƙar fata ne mai tushen Afirka, mahaifiyarsa Baturiya. Jininsu ya haɗu da Beethoven, har ya tsara masa wani kiɗa mai wuyar gaske na goge da fiyano, suka kaɗa shi tare a watan Mayu tun tawada ba ta gama bushewa ba. Daga baya suka saɓa, Beethoven ya cire sunansa ya sadaukar da aikin ga wani Bafaranshe, Rodolphe Kreutzer, wanda bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba. Har yau da sunan Kreutzer ake kiran kiɗan. Bridgetower ya rasu a Landan a 1860, duniya ta kusa mantawa da shi.

Shi kansa Beethoven an shafe fiye da ƙarni guda wasu na raɗe-raɗin cewa yana da jinin Afirka. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a kan gashinsa, wanda aka wallafa a 2023, ya nuna tushensa na tsakiyar Turai ne.

Tsakanin iyayen gida da kasuwa

Makaɗan da suka gabace shi barori ne a gidajen sarauta. Haydn ya shafe kusan shekara 30 yana sanye da kayan aiki na gidan Esterházy. Beethoven ya karɓi kuɗin manya, amma ya ƙi yarda da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yarima Lichnowsky ya yanka masa fulorin 600 a shekara tun daga 1800, amma a 1806 da yariman ya matsa masa ya yi wa hafsoshin Faransa kiɗa a gidansa, sai ya tattara takardunsa ya fice cikin dare.

A 1809, da ya samu tayin aiki a fadar Kassel, manya uku na Viyana, wato Rudolph ƙanin sarkin Ostiriya, da Yarima Kinsky da Yarima Lobkowitz, suka sa hannu a yarjejeniyar ba shi fulorin 4,000 duk shekara, bisa sharaɗin kada ya bar ƙasar. Ma'aikacin da ya taɓa ganin albashinsa ya narke a hannunsa zai fahimci abin da ya biyo baya. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun talauta baitulmalin Ostiriya, a 1811 gwamnati ta karya darajar takardun kuɗi zuwa kashi ɗaya cikin biyar. A 1812 Kinsky ya faɗo daga kan doki ya mutu, Lobkowitz kuma bashi ya yi masa katutu. Sai da Beethoven ya shiga kotu kafin ya ƙwato wani ɓangare na haƙƙinsa.

Wannan ya sa ya zama mai tsananin ciniki da kamfanonin ɗab'i. Yakan yi wa kamfanoni da dama tayin aiki guda a lokaci ɗaya domin ya ɗaga farashi. A 1819 ya zuba ajiyarsa a hannun jari takwas na babban bankin Ostiriya, ya riƙe bakwai daga ciki har mutuwarsa, ya ƙi taɓa su ko a lokacin da yake kukan babu, domin ya ware su ne ga ɗan ƙaninsa Karl.

Lamarin Karl shi ne tabo mafi muni a tarihinsa. Beethoven bai taɓa aure ba. Da ƙaninsa Kaspar ya rasu a 1815, sai ya shiga shari'a da matar mamacin, Johanna, kan riƙon yaron, yana zarginta da rashin tarbiyya. Shari'ar ta kai 1820 kafin ya yi nasara, ya raba ɗa da uwarsa. Ya so yaron da gaske, amma ya takura masa da tuhuma da sa ido, har a 1826 Karl ya harbi kansa a ka. Bai mutu ba, kuma da ya warke ya shiga aikin soja.

Shi ma mai aro ne

Masu ganin cewa ɗora waƙar gambara a kan kiɗan Beethoven cin mutunci ne sukan manta cewa shi kansa ya yi ta aron na wasu. A ɗaya daga cikin ayyukansa na farko ya ɗauki wata waƙar da ake rerawa a titunan Viyana ya sarrafa ta. A 1806, da jakadan Rasha Razumovsky ya ba shi aiki, ya saka waƙoƙin gargajiyar Rasha a ciki. Wani mai ɗab'i a Edinburgh, George Thomson, ya yi ta aiko masa da waƙoƙin ƙauyukan Sikotland da Ireland da Wales, ya yi wa fiye da 150 sabuwar riga a kan kuɗi. Da mai ɗab'i Anton Diabelli ya raba wa masu tsara kiɗa wani ɗan kiɗan rawa domin kowa ya juya shi sau ɗaya, Beethoven ya juya shi sau 33.

Ko a cikin bakandamiyarsa, simfoni ta tara, akwai aro iri biyu. Baitukan da ake rerawa a sashen ƙarshe na mawaƙin Jamus Friedrich Schiller ne, kuma Beethoven ya yanke wasu ya sake jera wasu. A tsakiyar sashen kuma ya shigo da babbar ganga da kuge irin na sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Saka muryoyin mawaƙa da ƴan amshi a cikin simfoni kansa haɗin gambiza ne a idon wasu masana na lokacin.

An gabatar da ita ranar 7 ga Mayu, 1824. A lokacin ya daɗe da daina kiɗa a gaban jama'a, kuma tun wajen 1818 sai dai baƙi su rubuta masa magana a littafi ya amsa da baki. Ya tsaya a dandali yana kaɗa hannu, amma ainihin jagoran makaɗan, Michael Umlauf, ya riga ya gargaɗe su da kada su bi shi. An ruwaito cewa da jama'a suka ɓarke da tafi bai sani ba, sai da ɗaya daga cikin mawaƙan, Caroline Unger, ta juyo da shi ya gani da idonsa.

Rasuwarsa

A ƙarshen 1826 ciwon hanta ya kwantar da shi, cikinsa ya kumbura har likitoci suka yi ta zuƙe masa ruwa. Ƙungiyar makaɗa ta Philharmonic da ke Landan ta aiko masa da gudummawar fam 100. Ya rasu ranar 26 ga Maris, 1827 yana da shekara 56. Dubban mutane ne suka raka gawarsa, ciki har da matashin mai tsara kiɗa Franz Schubert. Binciken 2023 ya gano yana ɗauke da cutar hanta nau'in B, tare da gadon rauni a hantar.

Für Elise kuwa bai taɓa buga ta ba. Wani masani mai suna Ludwig Nohl ne ya tsinci takardar ya wallafa ta a 1867, shekara 40 bayan rasuwarsa.

Daga zauren sarauta zuwa Bronx

Masana tarihin hip-hop kan kai asalinsa ga wani biki da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya haɗa a unguwar Bronx ta New York ranar 11 ga Agusta, 1973. Dabararsa ita ce ya ware wurin da ganga ta fi daɗi a faifai ya yi ta maimaita shi. Da na'urori suka ci gaba, sai masu haɗa kiɗa suka koma yanko ƴan daƙiƙoƙi daga tsohon faifai, su sa su suna zagayawa, su ɗora ganga, mawaƙi ya hau kai. Irin wannan aiki yana buƙatar gajeren take mai kama kunne nan da nan, wanda kuma ba ya gundura idan an maimaita. Gina babban abu daga ɗan ƙaramin take shi ne gwanintar Beethoven, don haka kiɗansa ya zo daidai da buƙatarsu.

Akwai kuma dalilin kuɗi. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya yi amfani da kiɗan Gilbert O'Sullivan ba da izini ba. Daga nan aron kiɗa ya zama abin da ake biya da tsada. A ƙasashe da yawa haƙƙin mallaka kan ƙare ne shekara 70 bayan mutuwar mai aikin, saboda haka abin da Beethoven ya rubuta ya zama na kowa. Faifan da wani gungun makaɗa ya naɗa yana da masu shi, amma duk wanda ya sake kaɗa kiɗan da kansa babu wanda ke bin sa bashi.

Tun kafin hip-hop ya bunƙasa, Walter Murphy ya mayar da simfoni ta biyar kiɗan disko, ya kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1976. A fim ɗin Sister Act 2 na 1993, Lauryn Hill da abokan wasanta sun rera taken simfoni ta tara da salon waƙar coci haɗe da gambara. Sauran magabata ma ba su tsira ba: Xzibit ya ari kiɗan Bafaranshe Gabriel Fauré a 1996, Coolio ya ari na Johann Pachelbel a 1997.

Daga baya sai zaurukan kiɗan gargajiyar Turai suka buɗe ƙofa da kansu. A 2014 Nas ya rera waƙoƙin kundinsa Illmatic tare da gungun makaɗa na National Symphony Orchestra a cibiyar Kennedy da ke Washington, Kendrick Lamar ya biyo baya a 2015. Wani jagoran makaɗa ɗan Amurka, Steve Hackman, ya yi suna wajen saƙa simfoni sukutum da waƙoƙin zamani, inda ya haɗa Tchaikovsky da Drake, ya kuma haɗa Beethoven da Beyoncé.

Muhawara a kan wannan haɗi ba ta ƙare ba. Wasu masoya kiɗan gargajiyar Turai na ganin yanko daƙiƙa goma daga aikin da aka gina na rabin awa tamkar cire tubali guda ne a ce an ga gida. Wasu masoya hip-hop kuma na zargin cewa zaurukan da suka daɗe suna raina su sun neme su ne kawai da kujeru suka fara zama babu kowa. Masu goyon baya na cewa yara da dama sun fara sanin sunan Beethoven ne ta bakin Nas.

Taken simfoni ta tara shi ne taken Tarayyar Turai tun 1985, kuma sashen farko na simfoni ta biyar yana cikin faifan zinare da aka liƙa wa kumbunan Voyager da Amurka ta harba a 1977. Ranar 26 ga Maris, 2027 ce cikar shekara 200 da rasuwarsa. Kabarinsa na babbar maƙabartar Viyana, inda aka mayar da ƙasusuwansa a 1888, gidan da aka haife shi a Bonn kuma ya zama gidan tarihi.